Lasisi a hannu, kujera babu: yadda wani ɗan Sakkwato ya samu aikin tuƙin jirgi na farko

Wanda ya gama makarantar tuƙin jirgin sama, ko a Zariya ya yi, ko a Ilori, ko a ƙasar waje, yakan fito da lasisin tuƙi na kasuwanci da ake kira CPL, da izinin tuƙi da na'urori a cikin gajimare ko hazo, da izinin jirgi mai inji biyu, sannan sa'o'in tashi kimanin 200 a littafinsa. A doka, daga ranar ya halatta a biya shi albashi ya tuƙa jirgi. A kasuwa kuwa, da wuya a samu kamfanin fasinja da zai zaunar da shi a kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a jirgin Boeing ko Embraer da waɗannan takardu kaɗai. Wannan tazarar ce ba a cika faɗa wa iyaye ba lokacin da suke haɗa kuɗin makaranta, kuma ita ce ta ci wa wani matashi ɗan Sakkwato kusan shekara biyu. Na san gidansu, na kuma bi lamarin tun daga tushe. Ba zan kama sunansa ba, haka makarantar da ya yi da kamfanonin da ya nema.

Ɗan fari ne ga wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda ke lodi daga wajen Goronyo da Wurno zuwa kudu. Ya yi digiri a fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ce shi jirgi yake so. Mahaifiyarsa ta ƙi, kuma duk wanda ya san Sakkwato ya san dalili. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 da ya taso daga Abuja zai zo Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi da mataimakin gwamnan jihar. Tana cikin matan da suka yi ta zagayen gaisuwa a wancan makon. Sai da ƙaninta, kawun yaron, ya yi ta zarya kafin ta sauko, kuma iyakar abin da ta ce shi ne, "Wanga yaro tun da ya nace, Allah shi tsare shi."

A 2021, bayan an sake buɗe filayen jiragen sama daga kullen korona, ya tafi Afirka ta Kudu. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ta fi kusa, amma an ba su shawarar can ne saboda sauri: ɗalibi a farkon karatunsa da ido yake tuƙi, kuma hazon hunturu a Arewa yakan zaunar da ƙananan jirage a ƙasa kwana da kwanaki. Alhaji ya tambayi makarantar jimillar kuɗi har zuwa lasisi, aka rubuto masa. Ya sayar da fili a gefen gari, ya haɗa da wasu shanu, ya ware na abinci da masauki. Lissafin ɗan kasuwa ne mai kyau, sai dai ya tsaya daidai ranar karɓar lasisi. Ba a ware ko sisi don abin da zai biyo baya ba, domin babu wanda ya ce akwai wani abu a baya.

Ya dawo ƙarshen 2022. Aka yi walima, unguwa ta laƙaba masa Kyaftin, har masu kabu-kabu na bakin layi da haka suke kiransa.

Aikin farko shi ne mayar da lasisin na Nijeriya. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sai ta tabbatar da sahihancinsa daga takwararta ta Afirka ta Kudu, sai ya rubuta jarrabawar dokokin sufurin sama na ƙasar nan, sai gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar ta amince da shi, ga kuma shaidar Turancin rediyo, wanda ƙa'idar duniya ta ce kada ya gaza mataki na 4. Duk wannan a Abuja da Legas ya yi shi, kuma ya ci watanni. Ba wani abin mamaki a ciki, kowa haka yake bi.

Abin da bai shirya masa ba shi ne halin da ya tarar da kasuwar. A 2022 man jirgi ya tashi daga kusan naira 190 lita zuwa sama da 700, har ƙungiyar kamfanonin jirage ta yi barazanar ajiye aiki a watan Mayu. A watan Yuli Aero Contractors ya dakatar da jigilar fasinja, hukuma kuma ta dakatar da Dana Air. Sun dawo kafin ƙarshen shekara, amma a tsakanin nan matuƙa masu dubban sa'o'i sun shiga layin neman aiki, layin da shi ma zai shiga da sa'o'insa 200 da 'yan kai. Ya aika takardunsa ga kusan kowane kamfani mai lasisi a ƙasar. Yawancinsu ko amsa babu. Waɗanda suka amsa tambaya ɗaya suka yi: wane samfurin jirgi kake da shaida a kai?

Nan ne gundarin matsalar. Lasisin CPL ya ba shi damar tuƙa ƙananan jiragen da ya koya da su. Kowane babban jirgi kuwa yana da shaidarsa ta daban, wadda masu sana'ar ke kira taif retin: makonni a aji ana koyon injin da lantarki da man jirgin, sai zama a na'urar kwaikwayon jirgi ana kashe masa inji ana kunna masa gobara, sai jarrabawa, sai kuma 'yan tashi da sauka a jirgin gaske babu fasinja. Galibi a ƙasashen waje ake yi, da dala ko yuro. Shekarun baya kamfani ne ke ɗaukar yaro ya biya masa. Yanzu da yawa sun fi son ya zo da abarsa.

To wacce zai saya? A lokacin, Air Peace na da Boeing 737 da 777 da Embraer iri biyu. Max Air na da 737 da 747. Ibom Air na tashi da CRJ900 da Airbus A220. Green Africa da Overland na da ATR mai farfela. United Nigeria da Rano Air sun fara ne da Embraer 145. Shaidar ɗaya ba ta aiki a ɗaya. Wanda ya zuba kuɗinsa a 737, washegari aka buɗe gurbi a kamfanin ATR, kallo ne nasa. Ko ya dace da samfurin ma, tallan aikin sau da yawa yakan ƙara da cewa ana son mai ɗaruruwan sa'o'i a kan wannan jirgin, sa'o'in da ba a samun su sai an ɗauke ka aikin. Dokar Nijeriya ba ta ce sai mai sa'o'i 1,500 zai zama mataimakin matuƙi ba, kamar yadda Amurka ta yi tun 2013. Sharaɗin na kamfanoni ne da masu inshorarsu, kuma suna da hujja: sabon matuƙi sai an haɗa shi da kyaftin mai horarwa, a tafiye-tafiyen farko har da matuƙi na uku a kujerar baya don ko-ta-kwana. Kamfani mai jirage uku ko huɗu ba ya da irin waɗannan kyaftin da yawa.

Wata cibiya a Turai ta yanka masa kusan dala 20,000 na shaidar 737, ban da tikiti da masauki. A farkon 2023, da dala ke kusan naira 750 a kasuwar bayan fage, kimanin miliyan 15 ke nan. Alhaji ya ce a bari a fitar da albasar bana. A watan Yuni gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haye 1,500. Shaidar ba ta ƙara ko dala ɗaya ba, amma ta koma miliyan 30.

Ranar da ya zauna yi wa mahaifinsa wannan bayani, Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya, "To lasisin nan da munka biya, ba shi na aikin ba?"

"Baba, shi na ƙofa. Amma sai an ƙara wata takarda, kuma wadda nika da ita ma tana da wa'adi."

"Wa'adi kamar ƙaƙa?"

Sai ya lissafa masa. Takardar lafiya wata 12 take yi ga mai shekarunsa. Izinin tuƙi da na'urori shi ma duk shekara sai an sake gwaji. Turancin mataki na 4 yana da lokacin sabuntawa. Ko fasinja ɗaya ba zai ɗauka ba sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Shaidar samfurin ma, in an saya ba a yi aiki da ita ba, bayan shekara sai an koma na'ura an sake biya. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe albasa ta. In ba a kai ta kasuwa ba, tana nan tana ruɓewa cikin ajiya." Daga ranar ya fahimci lamarin fiye da 'yan boko da yawa na gidan.

Kuma zaman Sakkwato ya ƙara wa abin nauyi. Filin jirgin Sultan Abubakar III na ƙasa da ƙasa ne, amma jirage zuwa suke su sauke su kwasa su koma. Babu kamfanin fasinja mai hedikwata a garin, babu makarantar tuƙi, babu inda mutum zai yi hayar ƙaramin jirgi na awa ɗaya don kada hannunsa ya mutu. Mafi kusa Zariya ce, kusan kilomita 400 ta hanyar Gusau da Funtuwa, hanyar da ba kowa ke son bi ba a shekarun nan. Masu ɗaukar aiki suna Ikeja da Abuja da Kano, kuma gurbi in ya faɗo, a bakin mutanen filin jirgi ake fara jin sa kafin a buga shi ko'ina. Lokacin aikin Hajji ne ya fi shan tambaya. Manyan jirage na sauka suna kwasar alhazai, dangi na cewa ga aiki har gida me yake jira. Da wuya ya gamsar da su cewa wasu jiragen na kamfanin Saudiyya ne, wasu hayarsu aka yi tare da matuƙansu, kuma ba a fara sana'a da jirgi mai ɗaukar mutum 400.

Ba shi kaɗai ba ne. Gwamnatin Kano zamanin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi, kuma sanannen abu ne cewa da yawansu sun dawo sun yi shekaru ba su hau jirgi ba, a kan wannan gaɓar dai ta shaidar samfuri. Gwamnati ma ke nan ta yi lissafin da ya tsaya a ranar lasisi, balle ɗan kasuwa.

Kawu, wanda ma'aikacin gwamnati ne, ya bi ta hanyar da ya sani. Ya samo wasiƙa daga wani ɗan majalisa zuwa ga shugabannin wani kamfani. Wasiƙar ta yi aiki iya nata: an karɓe shi da mutunci, an ba shi shayi, an karanta takardunsa a gabansa, aka ce za a tuntuɓe shi. Ba zan ce hanya ba ta aiki a wannan sana'a ba, domin ƙarya zan yi. Tana sa a buɗe fayil ɗin mutum. Sai dai kamfanin ba ya da gurbi a lokacin, kuma ko yana da shi, wasiƙa ba ta shiga na'urar gwaji tare da mai ita.

Sai ga wani mutum daga wani zauren WhatsApp na matuƙa marasa aiki, ya ce yana da gurbi uku a wani kamfani a Legas, da shaida da horo da aiki duk a dunƙule, a biya rabi yanzu. Yana da ruwan baki, ya san sunayen manya, ya san kalmomin sana'a. Alhaji har ya fara zancen jinginar da shago. Abin da ya tsayar da su wani tsohon kyaftin ne a Kaduna, ɗan zamanin Nigeria Airways da aka rushe a 2003, wanda surukin Kawu ya haɗa su da shi. Ya ce wa yaron, "Ɗana, ka ce ya kawo takardar tayin aiki mai tambarin kamfani da sa hannun daraktan zirga-zirga, kuma asusun kamfani za ka biya, ba nasa ba." Da aka faɗa wa mutumin haka, ya ce zai kira. Lambar ta daina shiga.

Tsohon kyaftin ɗin ne kuma ya juya akalar lamarin gaba ɗaya. Ra'ayinsa shi ne kada a sayi kowace shaida sai da tayin aiki a rubuce. Ɗan abin da ke hannu a kashe shi wajen raya lasisin da ake da shi, yaron kuma ya bar Sakkwato ya shiga cikin kamfani ta kowace ƙofa. Ya yi zancen koyarwa, wadda ita ce hanyar tara sa'o'i a Amurka da Afirka ta Kudu, amma makarantun ƙasar nan kaɗan ne, guraben malamai ma haka. Ya yi zancen jirage masu saukar ungulu na kamfanonin mai a Fatakwal, amma wannan lasisi ne daban, kusan sabon karatu. Abin da ya rage shi ne ofishin tsara zirga-zirga.

Wannan ya yi wa gidan ɗaci. Mutumin da aka yi wa walima, unguwa na ce masa Kyaftin, a ce ya tafi Kano yana buga takardu, a albashin da bai kai abin da direban tirelar mahaifinsa ke samu ba. Wata gwaggonsa ta ce gara ya zauna shago. Mahaifiyarsa ce, abin mamaki, ta goyi bayan tafiyar, ko da yake ina zaton jin cewa aikin ƙasa ne ya kwantar mata da hankali.

A farkon 2024 ya fara. Yana tattara rahoton yanayi daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, yana shigar da tsarin tafiya wurin NAMA mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama, yana duba sanarwar filayen da aka rufe ko na'urar da ta lalace, yana taya lissafin mai da nauyi, yana bin jadawalin hutun matuƙa. A nan ya koyi abin da makaranta ba ta nuna masa ba. Ya ga yadda ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi ke rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri har jirgi ya juya, da kuɗin da juyawar ke ci. Ya ga yadda zafin Afrilu, idan ya wuce digiri 40, ke sa iska ta yi sakayau, jirgi ya buƙaci dogon gudu kafin ya ɗaga, wani lokaci sai an rage kaya. Mafi muhimmanci, kullum da asuba kyaftin-kyaftin na karɓar takardu daga hannunsa, babban matuƙin kamfanin ya san fuskarsa, ya san ba ya makara, ya san lissafinsa ba ya karkacewa. Da kuɗin da Alhaji ya turo, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shaidar 737 ba, ya sabunta takardar lafiya da izinin na'urori, ya kuma sayi 'yan sa'o'i a ƙaramin jirgi.

Ana yawan cewa duniya na ƙarancin matuƙa, kuma makarantu na son wannan magana. Gaskiyarta ita ce kyaftin ne ke ƙaranci, ba sababbin hannu ba. Shi ya sa kamfanoni ke kawo 'yan waje, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE na ƙorafi, duk da Dokar Shugaban Ƙasa mai lamba 5 ta 2018 da ta ce a fifita 'yan ƙasa. Amma ƙarancin na saman shi ne ke buɗe ƙofar ƙasa. Kyaftin ya samu aiki a Dubai ko Katar ya tafi, a ɗaga babban mataimaki ya maye gurbinsa, kujerar dama ta zama babu kowa. Haka ta faru a kamfaninsu wajen ƙarshen shekarar. Ana bukatar mataimaka, kuma aka fara dubawa a cikin gida.

Gwajin bai wuce awa ɗaya a na'ura ba: tashi, juyi, riƙe tsayi da hannu babu taimakon kwamfuta, sai saukowa da na'urori cikin hazo. A cikin waɗanda aka gwada har da wani da ya fi shi sakamakon makaranta, amma rabonsa da jirgi shekara uku, izininsa ya mutu, hannunsa ma ya nuna. Shi kuwa watanni kaɗan ne da sabunta nasa. A ganina a nan aka yi rabon, ba a wasiƙa ba, ba a sunan makaranta ba. Kuɗi kaɗan da aka kashe a inda ya dace sun yi abin da miliyan 30 a kan 737 ba za su yi ba, tun da jirgin da aka ɗauke shi a kai ma Embraer ne. Ban ce dabarar ba ta da haɗari ba. Akwai masu lasisi da suka shiga ofishin zirga-zirga suka daɗe har aka manta matuƙa ne, domin kamfani ya samu ma'aikaci mai ilimi a farashi mai sauƙi. Da wasu kyaftin na kamfanin ba su tafi ba, da wataƙila har yanzu yana bakin firinta.

Kamfanin ya biya kuɗin shaidar, shi kuma ya sa hannu a yarjejeniyar ɗaure kai: shekara huɗu ba zai bar su ba, ana cire wani kaso daga albashinsa, in ya tafi kafin lokaci ya biya ragowar da dala. An nemi masu tsaya masa biyu, Kawu ya tsaya, wani abokin kasuwancin Alhaji ya cike na biyun. Ya gama na'ura, ya yi tashi da saukarsa a jirgin gaske, ya yi horon kan hanya tare da kyaftin mai horarwa har aka sake shi. Yanzu yana tara sa'o'i zuwa 1,500 da ake bukata kafin babban lasisi na ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja. Filin da aka sayar bai dawo ba, kuma da albashin da ke zuwa hannunsa bayan cirewa, ba bana ba.

Akwai gaɓa ɗaya a yarjejeniyar da tsohon kyaftin ya ja masa kunne a kai. Takardar ta fayyace abin da zai biya in shi ya tafi, amma ba ta ce komai ba in kamfanin ne ya ajiye jiragensa, ko aka dakatar da shi, ko ya yi watanni bai biya albashi ba. A ƙasar da Dana Air ya sake tsayawa a Afrilun 2024, kuma kamfanin Arik ya faɗa hannun AMCON, hukumar karɓo basussukan bankuna, a 2017, wannan ba tambayar banza ba ce. Yaron ya nemi a ƙara layi ɗaya da zai sauke masa bashin in haka ta faru. Ofishin ma'aikata ya ce takardar iri ɗaya ce ga kowa, kuma akwai mutum bakwai a baya da ke jiran kujerar. Ya kira Kawu, tun da shi za a bi in abu ya ɓaci, ya karanta masa gaɓar sau biyu. Kawu ya ce ya sa hannu.